Haihuwa Albarka Ce Ran Lahadi, Me Ya Mai Da Ita Laifi Ran Litinin?

Batun da muka kawo a wannan mako ba sabo ba ne, sai dai batu ne da ake yin sa a ɗaki da raɗa, ba a cika fitowa da shi fili ba. Shi ne halin da mata ma'aikata ke shiga sa'ad da Allah ya ba su juna biyu, da kuma abin da suke tararwa sa'ad da suka koma bakin aiki bayan haihuwa.

Kowa ya san yadda abin yake a Ikkilisiya. Ranar ɗaurin aure limami zai yi wa ango da amarya addu'ar zuri'a, jama'a su amsa da amin har majami'a ta ɗauka. In shekara ta zagayo amarya ba ta nuna alama ba, sai a fara ƙus-ƙus, uwar miji ta fara tambaya, 'yan zumunta su sa ta cikin addu'a, wasu har da azumi. Ranar kuwa da ta sauka lafiya, sai barka, sai suna, sai ranar godiya a rako ta gaban bagadi da kiɗan tulu da rawa. Duk wannan daidai ne, gama Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa 'ya'ya kyauta ce daga Allah. Amma ran Litinin wannan matar ta koma makarantar da take koyarwa, ta tarar an ba wata ajinta, albashin wata uku babu labarinsa, ko ma takardar sallama tana jiranta a teburin hedimasta. Wani lokaci kuwa wanda ya sa hannu a takardar yana cikin waɗanda suka yi rawa ran Lahadi.

Abin yakan soma tun ranar ganawa ta ɗaukar aiki. Yarinya ta gama NCE, ko ta fito daga makarantar koyon jinya, ta zo da takardunta. Maimakon a tambaye ta abin da ta iya, sai a tambaye ta ko tana da aure, yaushe aka yi bikin, 'ya'yanta nawa, tana da niyyar ƙarawa ko kuwa. Namijin da suka zo tare ba wanda ya tambaye shi ko matarsa na da ciki. Akwai wuraren da ake gindaya wa mace sharaɗi, da baki ko a rubuce, cewa kada ta yi ciki sai ta cika shekara biyu tana aiki. An daɗe ana jin wannan kuka daga mata ma'aikatan bankuna da otal-otal, yanzu kuwa ya gangaro har ƙananan makarantu masu zaman kansu, da ɗakunan shan magani, da kantuna. Wanda ya rubuta irin wannan sharaɗi ya hau kujerar da ba tasa ba, domin buɗe mahaifa da rufe ta ba a hannun mai makaranta yake ba.

In cikin ya fito, da wuya ka ji an ce mata, "Mun kore ki don kina da ciki." Masu aiki sun fi haka wayo. Sai a ce ana rage ma'aikata, cikin mutum ashirin kuwa ita kaɗai ragin ya faɗa wa. Ko a ce ta je ta huta, za a neme ta in ta yaye, ba kuwa za a neme ta ba. Ko a jira dogon hutu a ƙi sabunta mata yarjejeniya. Wata ba a kore ta ba, sai dai a tsananta mata, a ƙara mata aikin dare tana fama da laulayi, a yanke mata kuɗin ranar da ta je awo, har ta gaji ta ajiye aikin da kanta, mai aiki ya wanke hannunsa ya ce ai ita ta tafi.

Wadda ta tsallake wannan ta dawo daga hutun haihuwa, ita ma ba ta tsira ba. Kujerarta an ba wani, wai na ɗan lokaci, ɗan lokacin kuwa ba ya ƙarewa. In an zo ƙarin girma sai a ce ai bara ba ta cika aiki ba. In an zo tura ma'aikata kwas sai a ce mai goyo ba za ta iya ba, ba a kuwa tambaye ta ba. Ranar da jariri ya kwana da zazzaɓi ta makara da minti ashirin, takardar gargaɗi ta fito, alhali kuwa malamin da ya makara saboda kallon ƙwallo har tsakar dare dariya kawai aka yi masa.

Kada wani ya ɗauka maganar albashi ce kawai, maganar rai ce. Macen da take tsoron kora takan ɓoye ciki, ta ɗaure shi da zane, ta ƙi zuwa awo don kada a gane. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, kuma a wurin awon ne ake kama hawan jini da ƙarancin jini tun ba su yi ɓarna ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ke rasa ransu. A ƙasa irin wannan, tsoratar da mace har ta guji asibiti ba ƙaramin alhaki ba ne. Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. Daga kan bagadi ana wa'azi cewa zubar da ciki zunubi ne, haka kuwa yake. To, mutumin da ya sa mace ta zaɓa tsakanin cikinta da abincin sauran 'ya'yanta, shi fa? In ta faɗi cikin jaraba ta je inda bai kamata ba, hannunta kaɗai ne ke da jini?

Mutane da yawa ba su san cewa akwai doka a kan wannan ba, har da waɗanda dokar ta shafa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikaciya izinin barin aiki mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita. Mako 6 na bayan haihuwa kuwa ba alfarma ce ba, haramun ne ma mai aiki ya bar ta ta yi aiki a cikinsu. In ta riga ta yi wata 6 a jere tana aiki a wurin, wajibi ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba a duk tsawon hutun. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki don ta ba jariri nono. Sashen ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ko takardar da wa'adinta zai cika tana cikin hutun. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi, ba mafi yawa ba.

Amma a duba dokar da kyau a ga shekarunta. Mako shida gaba, mako shida baya, rabin awa sau biyu: wannan shi ne ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar tun 1919, sama da shekara ɗari ke nan. Ita kanta ƙungiyar ta wuce nan. Yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutu kada ya gaza mako 14, kuɗi kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, mace ta koma kujerarta ko wadda ta yi daidai da ita, kuma in an sallame ta a wannan lokaci mai aiki ne zai kawo shaidar cewa ba don cikin ba ne. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun amince da wannan yarjejeniya a 2019. Tamu dokar ba ta kai nan ba. Mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu kacal a kan arba'in ɗin da kakanninmu suka ware wa mai jego tun ba a san takarda ba. Ran da aka gama wankan jego, jibi ta kama alli. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri fa, ɗinki bai gama kamewa ba, ita ma haka?

Ga kuma wata ɓaraka. Dokar ta yi maganar masana'antu da wuraren kasuwanci da na noma, kuma a sashe na 91 ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. Saboda haka malamar makaranta, ko nas, ko akanta, sau da yawa abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki shi ne madogararta. In babu takarda, kamar yadda yake a wurare da yawa, sai ta dogara ga tausayin mai aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnati a nata gidan ta ɗan matsa gaba. Dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba mace mako 16 da cikakken albashi, da awa biyu kowace rana bayan ta dawo don shayarwa. Jihar Legas a 2014 ta ba ma'aikatanta mata wata 6, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019. Dalilin wata shidan a bayyane yake: likitoci sun ce jariri ya sha nono zalla har wata 6, amma binciken nan na 2018 ya tarar kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka a Nijeriya. Ina uwa za ta ba da nono zalla tana aji tun ƙarfe bakwai da rabi, jariri yana gida a hannun 'yar raino 'yar shekara goma? A 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza ma'aikatanta in matansu sun haihu. Abin tambaya a nan shi ne, in Kaisar ya iya yin haka, gidan Allah zai tsaya a baya?

Kotu ma ta yi magana. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci don kasancewarsa namiji ko mace, kuma gyaran da aka yi wa Tsarin Mulkin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki. A 2011 wata mata a Abuja ta kai ƙarar wata ƙungiya mai aikin lafiya da ta sallame ta da zarar ta sanar da shugabanta cewa tana da ciki. Kotun ta ce wariya ce, ta kuma sa a biya ta diyyar albashin shekara guda. Wannan kotu tana zama a Kaduna, da Kano, da Jos, da Yola, ba sai an je Abuja ba. Mun san akan tare mata da 1 Korintiyawa sura 6, a ce mai bi ba ya kai ɗan'uwansa ƙara. A karanta surar har ƙarshe. Manzo Bulus ya tsawata wa Ikkilisiyar Koranti ne don ta rasa mai hikima ko ɗaya da zai raba gardama tsakanin 'yan'uwa, a wurin kuma ya tsawata wa masu cutar 'yan'uwansu. Surar ba ta ba kowa lasisin cin haƙƙi ba. Dattawan da ba sa so a je kotu, sai su zauna su yi shari'ar gaskiya a gida, ko da mai laifin shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a.

Mu dai ba lauyoyi ba ne, aikinmu koyar da 'yan ajin baftisma ne da ziyarar gidaje, don haka bari mu koma ga abin da muka fi sani. A Fitowa sura 2, sa'ad da 'yar Fir'auna ta tsinci Musa a bakin kogi, ta sa aka kira mace Ba'ibraniya ta shayar da shi, ta kuma yi mata alkawarin lada. Macen nan mahaifiyarsa ce. Wato 'yar sarkin da ya ba da umarni a kashe jarirai maza, wadda ba ta san Allah na Isra'ila ba, ta gane cewa shayarwa aiki ne da ya cancanci biya. A Farawa sura 33 Isuwa ya nemi Yakubu su kama hanya tare, Yakubu ya ƙi, ya ce yaran ba su da ƙarfi, cikin garken kuma akwai masu shayarwa, in aka kora su da gaggawa ko na yini ɗaya za su mutu, shi zai bi a hankali daidai da tafiyarsu. Kowane Bafulatani ya san wannan. Ba ya ɗora wa saniya mai sabon maraƙi tafiyar bijimi, ba kuwa don tausayi kaɗai ba, don ya san a nan garken gobe yake. Annabi Ishaya a sura 40 da irin wannan makiyayi ya kwatanta Ubangiji kansa.

Ga masu cewa wanda bai yi aiki ba bai cancanci rabo ba, akwai labari a 1 Sama'ila sura 30. Dawuda ya bi sawun Amalekawa da mutum 600. A rafin Besor mutum 200 suka gaji suka kasa hayewa, aka bar su wurin kaya. Da aka dawo da ganima, wasu daga cikin mayaƙan suka ce ba za a ba waɗannan kome ba. Littafin bai kira masu wannan magana masu tsimi ba, ya kira su mugaye. Dawuda ya yanke cewa rabon wanda ya tsaya wurin kaya daidai yake da na wanda ya je yaƙi, ya kuma mai da shi doka a Isra'ila. Mai jego ba gudun aiki ta yi ba. Tana wurin kaya ne, kayan kuwa na jama'a duka ne, gama jaririn da take goyo shi ne ɗan ajin da makarantar za ta karɓi kuɗinsa nan da shekara uku. Game da riƙe haƙƙin ma'aikaci, Maimaitawar Shari'a sura 24 da wasiƙar Yakubu sura 5 sun isa gargaɗi: ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Allah, kuma ana saurarensa. Maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya ba shayarwa shekara biyu, ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa. Ba mu ga inda wani mai addini a ƙasar nan zai fake ba.

To, amma adalci ya ce a ji ta bakin masu aiki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba duk mai makaranta ne azzalumi ba. Akwai makarantar Ikkilisiya mai aji shida, iyaye rabi ba su biya kuɗin zangon da ya wuce ba, ga hayar wuri, ga alli da littattafai sun yi tsada. In malama ta tafi hutu sai a biya ta, a kuma biya wadda za ta riƙe ajin. In biyu suka haihu a zango ɗaya, ma'aji ba ya barci. Wannan gaskiya ce. Tushen matsalar kuwa shi ne dokarmu ta ɗora wa mai aiki shi kaɗai nauyin biyan kuɗin hutun. Duk inda aka yi haka, mai aiki zai guji ɗaukar mata masu shekarun haihuwa, ko ya nemi hanyar rabuwa da su. Shi ya sa yarjejeniyar nan ta 2000 ta ce kuɗin ya fito daga asusun haɗin gwiwa na ma'aikata ko daga baitulmali, don kada mace ta zama abin gudu.

Ikkilisiya kuwa ba sai ta jira Majalisar Tarayya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma matanmu sun daɗe da sanin adashe. Abin da ya fi ƙarfin makaranta ɗaya bai fi ƙarfin dayosis ko gunduma ba. A ɗauki misali kawai: makarantu da asibitocin wata gunduma suna da ma'aikata 200, kowa yana karɓar Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024. In kowace ma'aikata ta zuba Naira 2 cikin kowace 100 na albashin da take biya, maza da mata duka, a wata an tara Naira 280,000, a shekara Naira 3,360,000. Wannan ya isa biyan mata 16 cikakken albashin wata uku. Makarantar da malamarta ta haihu sai ta yi amfani da albashin da ya rage a hannunta ta biya mai riƙon aji. Mun san malamai da yawa ba sa samun 70,000 ɗin ma, wannan kuka ne na wata rana, amma lissafin haka yake ko albashin ya yi ƙasa. Ikkilisiyar da take iya tara kuɗin motar Bishop cikin Lahadi uku ba za ta ce wannan ya gagare ta ba.

Kada kuma a manta da inda aka fito. 'Yan mishan da suka buɗe asibitoci a Wusasa, da Vom, da Garkida, kula da mai ciki da jariri yana cikin abin da ya sa jama'a suka yarda da su tun ba su yarda da wa'azinsu ba. Abin kunya ne a ce yau ungozomar da ta karɓi haihuwar mata ɗari a asibitin masu bi, ita ce za ta ɓoye nata cikin don tsoron kwamiti.

Akwai wuri mai wuya da ba za mu tsallake ba, wato mace marar aure da ta yi ciki. A da rundunar 'yan sanda tana da ƙa'ida mai lamba 127 da ta ce a sallami 'yar sanda marar aure in ta yi ciki. Da ita aka kori wata a Jihar Ekiti a 2021. A watan Janairu na 2023 Kotun Ma'aikata da ke Akure ta ce ƙa'idar wariya ce, tun da ba a korar ɗan sanda namiji marar aure da ya yi wa wata ciki, ta sa a biya matar Naira miliyan 5. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta soke ƙa'idar. Mun san abin da dattawa za su ce: makarantar Ikkilisiya ba barikin 'yan sanda ba ce, malama abin koyi ce ga yara. Mun yarda. Fasikanci zunubi ne, horon Ikkilisiya yana nan, ba mu nemi a ɗage shi ba. Amma horo don maido da mai zunubi ake yi, ba don a tura shi titi ba. Dakatar da ita daga Jibin Ubangiji daban, raba ta da abinci tana wata bakwai daban. In kwamiti na ganin tsayuwarta gaban aji zai zama abin tuntuɓe, akwai ofis, akwai ɗakin littattafai. Jaririn da ke cikinta bai yi laifin kome ba, sashe na 54 ɗin ma bai raba ɗan aure da wanda ba na aure ba wajen shayarwa. Sa'an nan ina namijin? A Yohanna sura 8 mace kaɗai aka kawo gaban Yesu, ko da yake zunubin na mutum biyu ne. In malama ta rasa aiki, shi kuwa yana nan yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ba tsarki ake karewa ba, ciki ne kawai ya fi fitowa fili.

Maza kuma, maganar ta shafe ku. Sa'ad da Hannatu ta ce ba za ta je Shilo ba sai ta yaye Sama'ila, Elkana bai ja da ita ba, ya goyi bayanta. Shari'ar Musa ta ɗauke wa sabon ango zuwa yaƙi har shekara guda don ya zauna da iyalinsa. Amma yau in namiji ya nemi kwana uku don matarsa ta haihu, abokan aiki su ce, "Kai ne ka yi naƙudar?" Da can mai jego tana da uwa, da kaka, da ƙanne a gida ɗaya, ko ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Yau ma'aikaci yana ɗakin haya a Sabon Tasha ko Tudun Wada, danginsa suna ƙauye, in bai ɗebo ruwa ya hura wuta ba babu mai yi. Ya kamata Ikkilisiya ta ba ma'aikatanta maza kwana 14 ɗin nan, tun daga mai gadi har limami, kada kuma a riƙe shi a zuci ranar ƙarin girma.

Ku kuma 'yan'uwa mata ma'aikata, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar ɗaukar aiki ku nemi takarda, ku duba ko ta ambaci hutun haihuwa. In ciki ya samu ku sanar a rubuce, ku haɗa da takardar likita, ku riƙe kwafi mai sa hannu da kwanan wata. In an ce ki je ki huta, ki ce a rubuta miki ranar dawowa. Kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki da wani ya rubuta miki. In abin ya faskara, bayan dattawa akwai ofishin ƙwadago na tarayya a jiharku, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, waɗanda in sun tashi tsaye ba kwamitin da ke iya juya musu baya, su kai wannan batu taron majalisar Ikkilisiya mai zuwa, su nemi a rubuta ƙa'idar hutun haihuwa a shafi ɗaya, a manna ta a ofishin kowace makaranta da asibiti na Ikkilisiya. Kafin a kai ga asusun, akwai abin da za a iya somawa a zangon nan ba da kuɗi mai yawa ba. Kusan kowace makarantar Ikkilisiya tana harabar majami'a, ɗakin makarantar Lahadi kuwa a kulle yake daga Litinin zuwa Jumma'a. A buɗe shi, a shimfiɗa tabarma da katifa, a rataya gidan sauro, a ɗauki ɗaya daga cikin gwaurayen zumunta a riƙa biyanta ta zauna da jariran malamai, uwa ta leƙo lokacin tara da lokacin tashi ta ba da nono ta koma aji.